Daga Fayil Zuwa Kunne: Nazarin Sauya Adadin Ɗiba a Manhajojin Kiɗa na Wayar Salula

Tsakure

Manhajojin kiɗa irin su Apple Music da Tidal da Qobuz suna tallata waƙoƙi masu adadin ɗiba har kilohaz 192 a matsayin ƙololuwar inganci. Wannan maƙala ta bi sawun sauti daga fayil zuwa kunne a wayoyin Android da iPhone, ta hanyar lissafi da bayanan fasaha da gwaje-gwajen sauraro da aka wallafa. Ta nuna cewa lambar da manhaja ke nunawa ta fayil ce, ba lallai ta isa kunne ba, kuma sauya adadin ɗiba, in an yi shi da kyau, ba shi ne ke cin inganci ba.

Muhimman kalmomi: adadin ɗiba, mahaɗar sauti, mataci, Bluetooth.

1.0 Gabatarwa

Sauti kaɗawar iska ne. Kafin waya ta adana shi, sai an auna ƙarfinsa sau dubbai a kowane sakan, a rubuta kowane awo da lamba. Yawan awon a sakan ɗaya shi maƙalar ke kira adadin ɗiba; zurfin kowane awo kuwa da bit ake ƙirga shi. Ƙa'idar da Harry Nyquist ya share wa fage a 1928, Claude Shannon ya tabbatar a 1949, ta nuna cewa ana iya dawo da sauti cif-cif muddin adadin ɗiba ya haura ninkin kaɗawa mafi tsini da ke cikinsa. Kunnen matashi lafiyayye yakan tsaya wajen kilohaz 20, yana kuma raguwa da shekaru. Ke nan faifan CD na Sony da Philips, wanda ya shiga kasuwa a 1982 da kilohaz 44.1 da bit 16, ya riga ya game iyakar jin ɗan Adam. To, me waya ke yi da fayil mai kilohaz 96 ko 192?

2.0 Asalin Saɓanin Lambobi

Lambar 44,100, wato kilohaz 44.1, gado ce daga zamanin da ake adana sautin dijital a kan kaset ɗin bidiyo. A tsarin talabijin na Turai, layi 294 sau 50 sau ɗiba 3 yana ba da 44,100. A na Amurka, layi 245 sau 60 sau 3 yana ba da lambar ɗaya. Masana'antar fim da talabijin kuwa ta zauna a kan kilohaz 48. Da wayar zamani ta zo, sai ta gaji gida biyu: yawancin kiɗa na kan 44.1, bidiyo da na'urorin cikin waya na kan 48.

Lambobin biyu ba sa rabuwa da juna cikin sauƙi. Duk ɗiba 147 na tsohon adadi sai an mayar da su 160. Ba a ƙara lambobi goma sha uku a gefe. Kusan kowace ɗiba sai an sake lissafa ta, domin lokutan awon sun goce. Hanya mai arha ita ce ja layi miƙaƙƙe tsakanin ɗiba biyu a ƙiyasta tsakiya, sai dai tana dusashe sauti mai tsini, tana kuma haifar da amon da babu shi a asali. Hanya mai kyau tana amfani da mataci mai duba ɗiba masu yawa gaba da baya, wanda kan danne wannan amo ƙasa da abin da kunne ke kamawa, amma yana ɗan ƙara wa batir aiki.

3.0 Abin da Ke Faruwa Cikin Waya

A Android, sauti yana bi ta mahaɗar da ake kira AudioFlinger. Aikinta shi ne haɗa waƙa da ƙarar saƙo da muryar taswira su fita ta kafa ɗaya, kuma hakan ba ya yiwuwa sai duk sun hau adadi guda, wanda a yawancin wayoyi kilohaz 48 ne. Fayil mai 44.1 a ɗaga shi, mai 192 a sauke shi, alhali fuskar manhaja na nuna lambar fayil. Shi ya sa manhajoji irin su USB Audio Player Pro ke kewaye mahaɗar, su aika lambobi kai tsaye zuwa na'urar waje mai mayar da lamba sauti, wato DAC. Sai a Android 14, a 2023, Google ya buɗe hanyar hukuma ta aika sauti ta USB ba tare da an taɓa ko bit ɗaya ba, ita ma sai masu ƙera wayar sun goyi baya.

A ɓangaren Apple, kiɗa marar asara ya shiga Apple Music a Yunin 2021, amma 'yar igiyar Lightning da ake jona wa iyafis tana tsayawa a bit 24 da kilohaz 48. Abin da ya haura haka sai da DAC na waje.

Bluetooth ya fi kowa ƙuntata hanya. Fayil mai bit 24 da kilohaz 96 yana kwarara da kilobit 4,608 a sakan kafin matsewa. LDAC, tsarin matse sauti na Sony, wanda ya shiga Android 8.0 a 2017, iyakarsa 990. Ko na CD, mai 1,411, ba ya ratsa LDAC ba tare da an zubar da wani abu ba. Mai sauraro da iyafis marar igiya, damuwarsa da sauya ɗiba ɓata lokaci ce.

4.0 Shin Kunne Yana Bambancewa?

A 2007 Meyer da Moran suka wallafa gwajin da suka ratsa da sauti mai zurfi ta matakin CD ba da sanin masu sauraro ba. A gwaji 554, an dace a 276, wato daidai da canki-canka. A 2016 Joshua Reiss ya tattara bincike 18 ya sake nazarinsu, ya sami bambanci ɗan ƙarami amma tabbatacce, kashi 52 da 'yan kai cikin ɗari, wanda ke ƙaruwa idan an horar da masu sauraro. Waɗannan gwaje-gwaje da kayan sauti na musamman aka yi su, a wurare masu shiru, ba a cikin mota ko kasuwa ba.

Akwai kuma haɗari biyu da talla ba ta faɗa. Kaɗawar da ta wuce kilohaz 20, in ta shiga ƙaramar lasifika, tana iya cakuɗewa ta haifar da amo a inda kunne ke ji. Sannan waƙar da aka cika wa ƙarfi har maƙura a situdiyo tana iya tsagewa yayin sauya ɗiba, domin sababbin lambobi kan zarce iyaka. Rage ƙara kaɗan kafin lissafi yana magance wannan. Ga kuma tsada: minti ɗaya a kilohaz 192 da bit 24 ya kai megabait 69 kafin matsewa, na CD kuwa bai cika 11 ba.

5.0 Kammalawa

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ingancin abin da kunne ke ji ya rataya ne a kan aikin situdiyo da iyafis da hanyar da sautin ya bi, kafin a zo ga adadin ɗiba. Amfanin aika sauti kai tsaye shi ne tabbaci: mai saye ya san abin da ya biya shi ya fita. Don haka maƙalar ke ba masu ƙera manhajoji shawarar su riƙa nuna lambobi biyu, ta fayil da ta mafita. Ranar da mai sauraro ya ga 192 a sama, 48 a ƙasa, shi da kansa zai yanke ko datarsa ta cancanci a ƙone ta.