Daga Ƙamus zuwa Kwamfuta: Yadda Aka Fara Bin Sawun Ma'anar Kalma

Tun kafin masana halayyar ɗan Adam da masu kwamfuta su shiga binciken inda ma'anar kalma take zaune, masu haɗa ƙamus ne suka fara yin karo da matsalar, domin duk wanda ya zauna fassara kalma ɗaya sai ya tarar ba za ta fassaru ba sai da wasu kalmomin, waɗanda su ma suke jiran tasu fassarar. Ita kanta kalmar ƙamus ta shigo Hausa ne daga sunan littafin Firuzabadi, Alƙamusul Muhiɗ, wanda ma'anarsa teku mai kewaye, kuma malaman zaure sun daɗe suna komawa gare shi idan kalmar Larabci ta gagara.

Ƙamusun Hausa na boko ya faro da J. F. Schön, ɗan mishan Bajamushe, wanda ya buga jerin kalmomi a 1843 da cikakken ƙamus a 1876, bayan ya sami taimakon Dorugu, yaron da matafiyi Barth ya kai Ingila. C. H. Robinson ya biyo baya a 1899, amma aikin da ya kai ga zurfin ma'ana shi ne na G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya kuma sa alama ga kalmomin da suka keɓanta da wani yanki, har da na Haɗeja. A ƙarƙashin kalma irin ƙato, Bargery ya jero dogon jerin kalmomi masu nuna girma, wato ya tara dangi a zaure ɗaya duk da tsarin abacada ya raba musu gidaje, kuma wannan dabara ta fi kusa da abin da masu kwamfuta suka zo suna nema daga baya. R. C. Abraham, a ƙamusunsa na 1949, ya fi dogara da misalan jimloli, yana barin muhalli ya bayyana kalma.

Babu inda buƙatar muhallin ta fi fitowa fili kamar a aikatau biyu, ci da sha. Manomin fadama a Malam Madori, a masarautar Haɗeja, yana iya cewa a zama ɗaya ambaliya ta ci masa shinkafa, ya ci bashi don ya sake shuka, kasuwa ba ta ci ba, ɗansa kuma ya ci jarrabawa, alhali babu hatsin da ya shiga bakin kowa, haka nan zai ce ya sha wahala, ya sha rana, ya sha faɗa wa yara kada ruwa ya ci su. Claude Gouffé, masani Bafaranshe, ya yi nazarin waɗannan kalmomi a 1966, sannan Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna a 2009 cewa yaɗuwar tana da tsari, domin ci yakan karkata ga rinjaye da cin galaba, sha kuwa ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Mai jin Hausa yana zaɓar ma'anar da ta dace kafin ƙiftawar ido, bai ma san ya yi zaɓi ba.

Wannan zaɓin ne ya kayar da injinan fassara na farko. A 1954 Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM sun nuna na'urar da ta juya jimlolin Rashanci sama da 60 zuwa Ingilishi da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu 6, aka yi ta zaton aikin ya kusa ƙarewa, sai Yehoshua Bar-Hillel ya yi bayani a 1960 cewa kalma mai fuska biyu ba ta warwaruwa sai da sanin duniya, abin da na'urar ba ta da shi. A Kambirij ta Ingila, Margaret Masterman da abokan aikinta sun ɗauki littafin Roget na 1852, wanda ya jera kalmomi bisa dangin ma'ana, suka gwada amfani da shi don na'ura ta gane fuskar da ake nufi daga kalmomin da ke maƙwabtaka.

M. Ross Quillian ne ya kai batun cikin ƙwaƙwalwa a kundin digirinsa na 1966, inda ya siffanta ilimin kalmomi da raga mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli kalma ce, kowane zare kuma dangantaka. Idan aka misalta da kifin kogin Haɗeja, za a ajiye rashin ɓawo a ƙullin tarwaɗa, iyo a ƙullin kifi, numfashi kuma a can sama a ƙullin mai rai, saboda kada a maimaita abu ɗaya a wurare da yawa. A 1969 Quillian da Allan Collins sun auna lokacin da mutane ke ɗauka kafin su gaskata jimla, suka ga amsar cewa kanari yana waƙa ta fi saurin fitowa a kan cewa yana tashi, wannan kuma ta fi cewa yana da fata, kamar dai tunani yana hawa matakala. Endel Tulving ya raba taskar ƙwaƙwalwa gida biyu a 1972, ta ma'ana, inda sanin mece ce ambaliya yake, da ta aukuwa, inda tuna daren da ruwa ya shigo gari yake.

Matakalar ba ta daɗe a tsaye ba, kuma da ma ta yi tsaf fiye da yadda mutum yake tunani. Binciken Eleanor Rosch a shekarun 1970 ya nuna 'yan aji ɗaya ba matsayinsu ɗaya ba, kamar yadda tattabara ta fi jimina saurin zuwa rai idan aka ce tsuntsu, don haka a 1975 Collins da Elizabeth Loftus suka gyara ragar, suka ce zare yana da tsawo da gajarta, kuma taɓa ƙulli ɗaya yakan motsa na kusa da shi.

Daga wannan tushe George Miller ya fara WordNet a Jami'ar Princeton a 1985, ƙamusun kwamfuta da ya haɗa kalmomin Ingilishi rukuni-rukuni bisa ma'ana. Wata hanyar, wadda ta samo asali daga ra'ayin J. R. Firth na 1957 cewa ana gane kalma ta abokan tafiyarta, ita ce ta rinjayi injinan yau, masu ƙirga kalmomin da ke zuwa tare a cikin ɗimbin rubutu. A ɓangaren Hausa kuwa, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, inda aka fassara Hausa da Hausa, Google kuma ya sa Hausa a injin fassararsa a Disamban 2013. Sai dai rubutun da irin waɗannan injina ke ƙirgawa mafi yawansa daidaitacciyar Hausa ce ta jarida da rediyo, wadda aka gina bisa Kananci, kalmomin masunta da manoman fadamar Haɗeja kuwa, irin waɗanda Bargery ya sa wa alama a 1934, har yanzu sun fi yawa a baki fiye da a intanet.