Gawon Bugaje da Zumuncin Gona

A gonar kakana da ke yammacin Bugaje, a ƙasar Jibiya, akwai gawo uku waɗanda ya hana a ɗora musu gatari. Ina yaro na ɗauka tsoron iskoki ne. Sai da na girma na gane cewa tarihin noman yankinmu ya rataya ne a kan ɗabi'ar wannan itace.

Gawo ya saba wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar. Saboda haka gero kan sami rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki, ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa kuma su ƙara wa ƙasa naitirojin. Furensa kan fito bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da zuma ke rasa wurin kiwo. 'Ya'yansa kan nuna sa'ad da ciyawa ta ƙare, sai shanu da awaki su taru su ci, su bar kashi a gona. Ƙwayar irinsa tauri gare ta, amma idan ta ratsa cikin dabba takan fi saurin tsira. Ɗabi'a guda ta haɗa manomi da makiyayi da zuma da gero.

Magabata sun san haka. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Da ciwon bushiya ya ƙarar da mafi yawan shanun ƙasar nan wajen 1890, gonaki sun rasa taki, gawo kuma ya rasa mai yaɗa irinsa. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, ta ba mu inuwa, sai dai ganyenta ɗaci gare shi, inuwarta kuma tana danne shuka da damina. Shi ya sa ta fi zama a bakin hanya da ƙofar gida, abokan hulɗarta a gona kaɗan ne.

Bayan farin 1973, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Daga 1983 Tony Rinaudo da manoman can suka soma kula da tohon kututture maimakon sare shi, abin da ake kira sassabin zamani. Wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin Nijar, gawo yana cikin jagororinsu.

Yau satar shanu ta raba garke da gonakin Jibiya. Da na ziyarci gonar kakana bara, gawon nan uku suna tsaye, 'ya'yansu zube a ƙasa babu mai ci, ban kuma ga ƙaramin gawo ko ɗaya da zai gaje su ba.