Tsofaffin Ɗaliban Samaru da Bashin da Ke Kansu

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, da ɗalibai 426. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta ɗauki nauyinta, kuma kowa ya san daga inda baitulmalin wannan gwamnati yake cika: gyaɗa da auduga, haraji da jangali. Ashe ke nan manoma da makiyaya, waɗanda galibinsu ba su taɓa taka ƙofar aji ba, su ne suka fara ba jami'ar gudummawa, ba tare da an kira sunansu a lasifika ba.

Duk wanda ya zauna da dattawan da suka yi karatu a zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, ya sha labari. Za su gaya maka yadda ake shiga ɗakin cin abinci da tikiti sau uku a rana, a zuba wa ɗalibi shinkafa da nama har ya ture, ga shayi da madara. Ana wanke masa tufafi, ana share masa ɗaki. Jiharsa na biyan sa alawus, har wani ya rage ya aika gida. Kafin ya rubuta jarrabawar ƙarshe ma'aikatu sun zo zawarcinsa. A wancan lokaci ba wanda ya yi tunanin jami'a za ta taɓa miƙa hannu ga 'ya'yanta. Ɗalibai ne ma ke tara kuɗi domin wasu: rana guda a shekara sukan sa tsummoki, su shafa wa fuska gawayi da alli, su bazu cikin gari da gwangwanaye suna roƙo, abin da aka samu a kai wa marayu da marasa lafiya. Wasa ne, amma wasan da ke tuna wa ɗan boko cewa akwai waɗanda ba su samu abin da ya samu ba.

Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar a 1975, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya. Daɗin bai daɗe ba. A Afrilun 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai a faɗin ƙasa suka yi bore suna neman a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka zubar da jini a Samaru. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tallafin abinci ya tafi gaba ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje suka gagari saye, malamai suka fara ficewa waje. Risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Amina da Ribadu, ɗakin mutum biyu ya koma ɗaukar ninkin haka.

Daga nan ne maganar taimako ta juya. Yajin aikin malaman jami'o'i na 1992 ya haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, kuma yawancin sababbin gine-ginen da ake gani a jami'o'in gwamnati yau tambarinsa ne a jikinsu. A gefe guda kuma aka shiga zamanin ƙaddamar da gidauniya: a cika zaure da manyan riguna, a naɗa babban mai ƙaddamarwa, sanƙira ya riƙa shelar miliyoyi ana tafi. Wasu sun cika alkawari, a yaba musu. Alhaji Aliko Dangote, wanda ba a Samaru ya yi karatu ba, ya gina wa jami'ar ɗakunan kwanan ɗalibai na naira biliyan 1.2 da aka buɗe a 2019. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a kwamitin irin wannan taro ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa a zaure da abin da ya shiga asusu. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin ya koya wa malamin sakandare da ma'aikaciyar jinya cewa kyauta ga jami'a aikin attajirai ne, su nasu tafi.

Wayar hannu ta fara warware wannan. Yanzu 'yan aji ɗaya da suka rabu shekara 30 sukan haɗu a zauren WhatsApp, a fara da hotunan dā da ta'aziyya, a ƙare da karo-karo: a gyara ɗakin lacca, a haƙa rijiyar burtsatse, a sa wa sashe fitilu masu aiki da hasken rana, a biya wa marayu kuɗin rajista. Kuɗin ba su da yawa, amma ana ganin rasit, ana ganin aiki, shi ya sa mutane ke sake bayarwa. Rauninsa ɗaya: in mai jan ragamar ya gaji ko ya rasu, sai abin ya mutu tare da shi.

Jami'ar da ta yaye Umaru Musa 'Yar'aduwa da Namadi Sambo da Sanusi Lamido Sanusi, da gwamnoni da alƙalai da likitoci ba adadi, bai kamata a ce ɗalibinta na ajiye karatu saboda kuɗin rajista ba. Ba sai mun je nesa neman misali ba, Azhar ta Masar ta yi ƙarnoni tana rayuwa a kan waƙafi. Ya ku waɗanda kuka ci abincin tikiti, da mu da muka zo bayanku muka yi karatu kusan kyauta, a kafa waƙafi mai amintattu da ke bayyana lissafi duk shekara, kowa ya yanka wa kansa abin da zai iya duk wata, ko da naira 2,000 ce, kuma a fara da ɗaliban da rajistar bana ta gagara.