Matsalar raba adireshi ta DHCP

DHCP, wato Dynamic Host Configuration Protocol, ƙa'ida ce da ke bai wa kwamfuta ko waya adireshin IP da zarar ta shiga netiwok, ba sai an rubuta lambobin da hannu ba. An fara bayyana ta a shekarar 1993, ta gaji BOOTP ta 1985, kuma takardar RFC 2131 ta 1997 ce ake bi a tsarin IPv4.

Yadda take aiki

Saƙonni huɗu ne ke wucewa: kwamfuta ta yi cigiya, sabar ta yi mata tayin adireshi, kwamfuta ta nemi a ba ta shi, sabar ta tabbatar. A gida ko shago, rauta ko MiFi ce ke aikin sabar. Adireshin na wani lokaci ne kawai, kuma kwamfuta kan nemi sabuntawa idan rabin wa'adin ya wuce. Wasu na kiran wannan "haya", amma "aro" ya fi dacewa, tunda ba a biyan komai.

Alamar matsala

Idan babu sabar da ta amsa, Windows kan ɗora wa kanta adireshin da ya fara da 169.254. Da shi kwamfuta ba ta fita intanet, ko da sandunan Wi-Fi sun cika. Nan ne mutane kan ruɗe, su sake sayen data alhali ba ta ƙare ba. Umarnin ipconfig na nuna adireshin. Idan ya fara da 192.168, galibi DHCP ta yi aikinta, sai a duba data, sabis ko DNS.

Dalilai da gyara

A shagunan kwamfuta na Funtuwa da garuruwan kewaye irin su Maska, inda ake cike fom da buga takardun makaranta, sauya wuta zuwa janareta ko sola na iya jawo matsalar. Laftof mai batir ba ta mutuwa, rauta kuwa sai ta sake tashi, don haka cigiyar kan wuce ba mai amsawa. A jira rauta ta gama tashi, sannan a buga ipconfig /release, a bi da ipconfig /renew.

Cunkoso ma dalili ne. Adireshin da rauta ke rabawa na da iyaka, kuma wayar da ta shiga ta tafi tana riƙe da nata har wa'adi ya cika. A shagon da jama'a ke shiga da fita, rage wa'adin aro ko faɗaɗa jerin adireshin a saitin rauta ya fi yawan kashewa da kunnawa amfani.

Akwai kuma kebul da ya kwance, da kwamfutar da aka taɓa sa wa adireshi na dindindin aka manta. Mafi wuyar ganowa shi ne rauta biyu a netiwok ɗaya, kowace na raba nata adireshin, wasu kwamfutoci su yi aiki wasu su ƙi. Maganinsa a kashe DHCP a ɗaya daga cikinsu.