Kanar Cantwell, birnin Venis da dajin da ya cinye sojojinsa (zare) 🧵

1/ A watan Satumba 1950 Ernest Hemingway ya fitar da littafin Across the River and Into the Trees, bayan shekara 10 bai fitar da ƙagaggen labari ba. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, wasu har suka ce mutumin ya ƙare. Ni dai ina ganin sun tsaya kallon soyayyar da ke ciki, suka manta da dajin. Ku biyo ni.

2/ Labarin a taƙaice: Kanar Richard Cantwell sojan Amurka ne ɗan shekara 50, yana aiki a Trieste da ke Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa, kullum cikin haɗiyar ƙwayoyi yake. Sai ya tafi Venis hutun ƙarshen mako, ya yi harbin agwagin ruwa, ya kuma ga budurwarsa Renata, 'yar masu sarauta mai shekara 18. Shi ya san tafiyar ta ban kwana ce. Ita ma ta sani.

3/ Eh, 50 da 18, na san abin da za ku ce a ƙasa. Wani abin ma, “'yata” yake kiranta. Kuma ba daga iska marubucin ya ƙago ta ba. A Disamba 1948 Hemingway, yana da shekara 49 ga matarsa ta aure, ya haɗu da Adriana Ivancich 'yar shekara 18 a yankin Venis, hankalinsa ya tashi a kanta. Ita ce ma ta zana bangon littafin. Gulma ta yi yawa a gari, har littafin bai fito da harshen Italiyanci ba sai 1965.

4/ Wannan ɓangaren ba zan kare shi ba. Renata ba ta da aiki sai sauraro da yabo, kamar an halicce ta ne don ta riƙa cewa “ci gaba, ina jin ka”. Shafukan cin abinci da shan giya a otal ɗin Gritti da Harry's Bar kuwa, wallahi suna gajiyar da mutum.

5/ To amma me take sauraro? Nan maganar take. Labarin dajin Hürtgen ne.

6/ Hürtgen daji ne mai duhu a yammacin Jamus, dab da iyakar Beljiyam. Daga Satumba 1944 zuwa Fabrairu 1945 manyan hafsoshin Amurka suka yi ta tura runduna bayan runduna cikinsa. Tankoki ba su da hanya, jiragen yaƙi ba sa ganin ƙasa, ga laka, ga sanyi, ga nakiyoyi a binne. Duk fifikon kayan yaƙin da Amurka take da shi, dajin ya mayar da shi banza.

7/ Jamusawa kuma harsasan igwarsu a saman itatuwa suke fashewa, ɓaraguzan ƙarfe da tsinken itace su zubo ƙasa kamar ruwan sama. An koya wa soja ya kwanta rub da ciki idan ya ji igwa. A Hürtgen kwanciyar ce ke kashe shi, domin ya shimfiɗa dukkan bayansa. Dole suka koyi tsayawa su rungumi gindin itace. Amurka ta yi asarar aƙalla mutum 33,000 a wajen, matattu da masu rauni da waɗanda sanyi da ciwo suka kayar.

8/ Hemingway yana wurin a Nuwamba 1944 a matsayin ɗan jarida, tare da Rejimanti ta 22 da abokinsa Kanar Charles Lanham ke jagoranta. Rejimantin mai mutum kusan 3,000 ta rasa sama da 2,700 cikin kwana 18, duk don 'yan kilomitoci kaɗan da ƙauye ɗaya mai suna Grosshau. Ana kawo sababbin yara da daddare, kafin a san sunayensu an kwashe gawarsu.

9/ Wannan kayan ne aka ɗora wa Cantwell. A littafin ya taɓa zama Birgediya Janar aka sauke shi zuwa Kanar. Umarni ya zo daga hedikwatar da ke nesa da fagen fama, ya san kuskure ne, ya bi, ya rasa sojojinsa. Shi ya sa bakinsa bai ƙyale manya ba, har da Montgomery na Ingila. A 1950, lokacin da Amurka ke tinƙaho da nasararta, ba kowa ke son jin irin wannan ba.

10/ Wajen da ya fi taɓa ni: Renata ta matsa masa ya faɗa mata komai ko ɗacin ya fita daga zuciyarsa kafin ya mutu. Yana cikin bayani barci ya ɗauke ta. Bai tashe ta ba, ya ci gaba da labarin a ransa, shi kaɗai. Ashe ba amsa yake nema ba, so yake a ce akwai mai numfashi a ɗakin.

11/ Akwai tsohon miki kuma. Makonni kaɗan kafin wannan tafiyar Cantwell ya tsaya a Fossalta, bakin kogin Piave, inda aka ji masa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya nemo daidai wajen, ya tsuguna ya yi bayan gida a kai, ya binne takardar kuɗi ta lira 10,000. A Fossalta ɗin ne aka raunata Hemingway kansa ranar 8 ga Yuli 1918, yana ɗan shekara 18 mai aikin motar asibiti ta Red Cross. Kun lura? Shekarun Renata ke nan daidai.

12/ Sunan littafin ma daga bakin soja mai mutuwa ya fito. Janar Stonewall Jackson na yaƙin basasar Amurka, wanda sojojinsa suka harba bisa kuskure a Chancellorsville, ya rasu 10 ga Mayu 1863. Cikin magagin zazzaɓi ya ce a tsallaka kogi a je a huta a inuwar itatuwa. Ga wanda ya ga Hürtgen, inuwar itace ba lallai ta zama wajen hutu ba.

13/ Cantwell ya tuna wa direbansa wannan maganar a hanyar komawa Trieste, ya koma kujerar baya ta motarsa, zuciyar ta tsaya a nan.

14/ Duk da zagin masu sharhi, littafin ya yi mako 7 a saman jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times. Sukar ta yi wa Hemingway ciwo ƙwarai. Ya zauna a gidansa na Kyuba ya rubuta The Old Man and the Sea, ya fito a 1952, ya ci kyautar Pulitzer a 1953, Nobel ta biyo a 1954. Adriana ce ta sake zana bangon.

15/ Hemingway ya kashe kansa ranar 2 ga Yuli 1961 a Ketchum, jihar Idaho. Adriana ta rubuta nata ɓangaren labarin a wani littafi a 1980, ita ma ta kashe kanta a 1983. Lanham kuwa, mai ainihin rejimantin, ya yi ritaya yana Manjo Janar, ya rayu har 1978.