Garin da aka ƙirƙira a intanet, aka kuma sakar masa annoba da gangan

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsayi. A 1999, shekarar da Saminu Turaki ya hau kujerar gwamnan Jigawa, wani masanin ƙwaƙwalwa a jami'ar Caltech ta Amurka, James Bower, ya buɗe wani gari a intanet mai suna Whyville. Sunan ma daga tambayar "me ya sa?" aka ciro shi.

2/ Yara 'yan shekara 8 zuwa 15 ne mutanen garin. Kowa zai haɗa fuskar da za ta wakilce shi, ya yi hira da sauran, ya yi wasannin kimiyya a biya shi da kuɗin garin. Kuɗin nan kwanson ruwa ne, kusan irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Har jarida suke da ita, yaran ke rubutawa.

3/ To ga inda na fi so. A farkon shekarun 2000 masu garin suka saki wata cuta, WhyPox. Yaro ya shigo da safe, sai ya tarar fuskar nan da ya sha wahalar kwalliyarta ta fito da jajayen ƙuraje. Yana tsakiyar rubuta hira, atishawa ta katse masa magana.

4/ Ba malamin da ya ce a buɗe littafi shafi kaza. Yaran da kansu suka dinga tururuwa zuwa cibiyar lafiyar garin, suna duba jadawalin waɗanda suka kamu, suna musu: ta tsayawa kusa da mai ita ake ɗauka? Kwana nawa take yi? Wasu har gudun abokansu suka yi. Farfesa Yasmin Kafai da abokan aikinta sun yi nazari a kan wannan.

5/ Ka tuna a 2003 ne rigimar allurar shan inna ta tashi a Kano, manya da gemu suna gardamar ko allurar tana da illa. A can kuwa yara suna gwada abin a fuskokinsu na wasa.

6/ Mu ma fa ba barci muke ba a lokacin. Gwamnatin Turaki ta kafa makarantar kwamfuta ta Informatics a Kazaure, ta kuma kashe kuɗi kan intanet. Amma a ganina manya aka yi wa tanadi. Ɗan firamare a Babura ko Gwiwa bai shiga lissafin ba.

7/ Daga baya Minecraft ya zo, wasan gini da tubala. Microsoft ta saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, ta fitar da na makarantu a 2016. Tun 2012 hukumar UN-Habitat ta fara amfani da shi, matasan unguwar Kibera a Nairobi suka tsara filin wasansu a ciki.

8/ Matsalar wuta da data gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai Minecraft na waya yana tafiya ko ba intanet idan mutum ɗaya ke gini. Ni dai da za a ba 'yan aji biyar waya ɗaya a ce su gina kasuwar Babura, su nuna inda ruwa ke kwanciya da damina, zan so in ji musun da za su yi.