Daga Ɗakin Gawa zuwa Na'urar Hoto: Yadda Aka Gano Zuciya a Cutar Ƙandarewar Fata

A shekarar 1753 wani likita a birnin Nafoli na Italiya, Carlo Curzio, ya rubuta labarin wata budurwa wadda fatarta ta yi tauri tamkar busasshen ƙirgi. Har yau masana na muhawara kan ko cutar da ake kira sikiloroderma ce ta kama ta, amma daga nan aka saba faro tarihin cutar. Sunan kansa, wanda ya yaɗu a ƙarni na 19, daga harshen Girkanci yake, ma'anarsa fata mai tauri. Sunan ya daɗe yana karkatar da hankalin likitoci zuwa ga abin da ido ke gani kawai.

Ra'ayi ya fara sauyawa a 1943, lokacin da aka buga binciken Soma Weiss da abokan aikinsa na birnin Boston, wanda ya nuna cewa cutar na iya cin tsokar zuciya kai tsaye. Shekara biyu bayan haka, a 1945, Robert Goetz na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya ba da shawarar a riƙa kiranta cutar ƙandarewar jiki baki ɗaya, domin tana taɓa huhu da ƙoda da hanji, har da zuciya.

Sai dai a wancan zamani ba a tabbatar da wannan illa sai bayan mutuwa. A 1976 Bernadine Bulkley da abokanta a asibitin Johns Hopkins suka binciki gawarwaki 52, suka tarar da tabo ko mataccen nama a zukatan kusan rabinsu, alhali manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ba su toshe ba. Suka yi hasashen cewa ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsukewa lokaci zuwa lokaci, kamar yadda yatsun marasa lafiyar ke yin fari cikin sanyi, alamar da Maurice Raynaud ya bayyana a Faris a 1862. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a ga hakan tun mutum na da rai.

Amsa ta farko ta zo daga na'urar hoton zuciya ta hanyar sauti, wadda Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara gwadawa a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953. Tana nuna ruwan da ya taru a jakar zuciya da raunin bugawa, kuma tana taimakawa wajen ƙiyasta hauhawar jini a jijiyoyin huhu. Sannan a 1984 William Follansbee na Pittsburgh ya yi amfani da sinadarin taliyam mai haske, ya nuna cewa jini ba ya isa wasu sassan zuciyar mafi yawan waɗanda ya gwada. A 1986 André Kahan a Faris ya nuna cewa maganin nifedifin na inganta wannan gudana, abin da ya ƙarfafa hasashen Bulkley.

Hoton maganaɗisu na MRI ne ya kawo abin da a da sai a ɗakin gawa ake gani. Sinadarin gadoliniyam kan maƙale a cikin tabo, sai ya haskaka a hoto. Bincike a Atina a 2007 da kuma a Lil ta Faransa a 2009 ya gano illa a zukatan marasa lafiya da dama waɗanda ba su da wani ƙorafi. A 2014 Ntobeko Ntusi, ɗan Afirka ta Kudu da ke bincike a Okisfod, ya nuna cewa sabuwar hanyar auna tsokar zuciya na gano kumburi da tabon da ya watsu tun kafin bugawa ta yi rauni.

Kowace hanya tana da iyakarta. Tun 2006 aka danganta gadoliniyam da wata cuta mai taurara fata a jikin masu ciwon ƙoda mai tsanani, kuma na'urar MRI tana da tsada. Shi ya sa hoton sauti, wanda ake shawartar a maimaita a kai a kai, ya ci gaba da zama matakin farko, domin idan aka jira sai alamun ciwon zuciya sun bayyana, sau da yawa an makara.